Shekarar da Na Kwanta Ƙarƙashin Jitar Walter

Ranar Asabar ce, ta biyu a watan Janairu na shekarar da na ajiye aikin rediyo, da misalin ƙarfe uku da rabi na yamma, a ɗakin ƙasa na gidan Walter da ke Alexandria, a jihar Virginia ta Amurka. Mu biyar ne a wurin: ni, da mahaifiyarku Hajiya Asabe, da Nafisa wadda cikinta na fari ya kai wata biyar a lokacin, da mijinta Yusuf, da mahaifin Yusuf ɗin, wato Walter. Na fara da wannan ne domin na sha jin yadda ku 'ya'yana kuke ba juna labarin da Turanci a wajen cin abinci, kowa da nasa ƙarin gishirin. A bakin Mukhtar, mahaifiyarku ce ta ɓata wa mutum jita. A bakin Nafisa, 'yan uwanmu ne suka wulaƙanta ni don na taimaki Kirista. Duka biyun ba haka aka yi ba, kuma tunda ni ne na kwanta a ƙarƙashin jitar, ni ya kamata in faɗa.

Walter baƙar fata ne ɗan asalin Virginia, tsohon direban bas, matarsa ta rasu tun kafin mu san shi. Ɗansa ya musulunta yana jami'a, kafin ma ya haɗu da Nafisa, kuma Walter bai taɓa nuna mana ko a fuska cewa abin ya dame shi ba. Ranar ɗaurin aure ya zo da hular da mahaifiyarku ta aika masa, ya kafa ta a karkace, ya zauna a sahun gaba. Tun daga ranar take kiransa Baban Yusuf, ba ta taɓa kama sunansa ba. Shi kuwa Alhaji yake ce mini.

Ga 'yan uwa na gida da wannan rubutu zai iya faɗawa hannunsu, jitar da nake magana a kai ba irin wadda ake ratayawa a kafaɗa ba ce. A kwance take bisa ƙafafu huɗu kamar ƙaramin tebur, da tsirkiya goma a shimfiɗe a samanta. A zaune ake kaɗa ta. Hannun dama yana taɓa tsirkiyoyin da farcen ƙarfe da ake sawa a yatsu. Hannun hagu yana riƙe da wani mulmulallen ƙarfe mai santsi, yana zame shi a kansu, sautin yana hawa yana sauka ba tare da ya yanke ba. A ƙasa akwai feda uku kamar na mota, da wasu 'yan sanduna da ake turawa da gwiwa. In aka taka feda, siraran sandunan ƙarfe da ke ƙarƙashinta sai su ja wata tsirkiya ta ƙara ɗaurewa, in aka saki ta koma inda take. Duk daɗinta yana ga abu guda: a kaɗa sau ɗaya, sautin ya daɗe yana tafiya, makaɗi yana lanƙwasa shi yadda ya ga dama kafin ya mutu. Walter tun yana saurayi yake kaɗa ta a cocinsu. Kuma akwai wata al'ada a gidansu, duk jaririn da aka haifa, cikin makonsa na farko sai Walter ya kaɗa masa wani take mai sanyi da ya gada wajen kawunsa. Da ya ji mu ma ranar bakwai muke suna, ya yi dariya ya ce ashe tuni an tanadar masa rana.

Ran nan Nafisa ce ta roƙe shi ya kaɗa mana taken, ta ce tana so na cikin ya fara jin sa tun yanzu. Ya yi ta kawo uzuri, daga baya ya zauna ya kunna lasifika. Bai kai rabi ba. Sautin yana fitowa a dusashe, ya ɗan yi tafiya ya faɗi. In ya taka feda ya saki, tsirkiyar ba ta komawa daidai inda ta taso. Ya tsaya, ya ajiye ƙarfen, ya ɗaga hannunsa na hagu a gabanmu. Yatsun suna rawa.

"Kun gani," in ji shi. "Likita ya ce ciwon karkarwa ne ya soma, kuma ba ya komawa baya. Tun kaka nake yaudarar kaina. Na gama."

"Baba, ko a hankali ne ka yi mana," in ji Nafisa.

"'Yata, ba zan tarbi jikana da wannan kukan ba. Gara shiru."

Yusuf ya sunkuyar da kai. Nafisa ta tashi ta hau sama tana kuka, mahaifiyarku ta bi ta. Da Walter ya miƙa hannu zai kashe lasifikar, hannun rigarsa ya shafi tsirkiya ɗaya. Ta yi ƙara, ta mutu nan take. Babu ƙarfe a kanta, babu hannu mai rawa. Ina jin ni kaɗai na lura. Ban ce komai ba, domin ba a gyara wa suruki zance a gidansa, balle zancen da ya shafi jikinsa.

Sai da muka hau babbar hanya, muka shiga cunkoson motoci, sannan mahaifiyarku ta dube ni.

"Malam, tun da muka fito ba ka ce uffan ba."

"Sauraro nake yi."

"Sauraron me? An kashe abin tun ɗazu."

"Hajiya, ba hannunsa ba ne kaɗai. Jitar ma ba ta da lafiya."

"To, ka bar rediyo ka koma likitan jita?"

Na yi mata bayanin abin da na ji. Sai da muka kusa gida a Silver Spring, sannan ta ce, "Bawan Allahn nan ya riga ya haƙura. Kada ka je ka sa masa rai, ka dawo ka bar shi da haƙuri na biyu. Na biyun ya fi ciwo."

Gaskiya ta faɗa, kuma na kwana da maganar har mako guda. Amma rayuwata ta aiki gaba ɗaya a gaban makirfo na yi ta, a Kaduna da farko, daga baya a nan Washington. Abin da tsofaffin ma'aikata suka fara koya mana shi ne, in murya ta fito da ƙura, ba a fara zargin mai magana. Sai a bi hanyar da muryar ta biyo, daga makirfo zuwa waya, daga waya zuwa na'ura, ana cire abu ɗaya-ɗaya ana saurarawa. Mai magana shi ne na ƙarshe da ake tuhuma, domin shi kaɗai ne ba a iya sauyawa. Ban san kiɗa ba, ko kuntigi ban taɓa riƙewa ba. Amma na san Walter ya yanke wa kansa hukunci ba tare da ya bi wannan hanyar ba, kuma abin ya tsaya mini a rai.

Asabar ta gaba na shiga jirgin ƙasa ni kaɗai, da ƙaramar na'urata ta ɗaukar murya a aljihun kwat. Bayan mun gaisa, na tambaye shi lafiyar jiki, ya tambaye ni sanyi, na ce ina roƙon alfarma guda. Na ce ya kunna lasifika, ya zauna, ya sa hannuwansa biyu a ƙarƙashin cinyoyinsa. Ya dube ni kamar zai yi magana, sai ya yi yadda na ce. Na sa farcen ƙarfe a babban yatsana na taɓa tsirkiya ɗaya. Ta mutu kafin in sauke numfashi. Na bi sauran. Duk haka. Sai na ce ya kawo wani tsohon faifan da aka naɗi kiɗansa a coci shekarun baya. A can ƙarshen waƙar ya bar wata tsirkiya a sake tana ƙara ita kaɗai, sautin ya yi ta tafiya har mutane suka fara tari da motsa kujeru bai gama mutuwa ba.

"Jita ɗaya ce?" na tambaye shi.

"Ita ce."

"Yanzu kuma hannunka bai taɓa ta ba."

Na zaci zai yi murna. Sai na ga fuskarsa ta ɗaure.

"Alhaji, ka san abin da kake yi kuwa? Jiya na san matsayina. Yau ka ba ni abin zargi biyu. In ka gyara ta, ta miƙe, ni kuma na kasa, ka bar ni da ɗaya."

"Haka ne," na ce. "Ba zan yi maka alkawarin hannu ba. Na jita kawai zan iya."

Ya daɗe yana kallon fedojin. Daga nan ya miƙo mini tocila.

Na shimfiɗa kwali a kan siminti na kwanta rigingine, na tura kaina ƙarƙashinta, shi kuma yana taka feda ɗaya bayan ɗaya ina kallon yadda sandunan ke motsi. Suna tafiya da nauyi, suna dawowa da kasala. A duk mahaɗar da ƙarfe ke gugar ƙarfe akwai wani abu fari-fari da ya daskare, ƙura ta manne masa. Kafin in taɓa shi hancina ya riga ya gaya mini. Ina kwance a wani ɗakin ƙasa a Virginia, sai ga ƙamshin ɗakin mahaifiyata.

"Walter, me kake shafa wa ƙarafan nan?"

Ya tashi ya ɗauko wata farar roba daga kan kanta, da alfaharinsa. Man kaɗanya ne ɗanye, irin wanda Alhaji Issaka, mutumin Kumasi mai shagon kayan abincinmu a Silver Spring, yake kawowa daga arewacin Gana. Mahaifiyarku ce ta kai masa da zafin da ya wuce, da ta ji yana kukan ciwon gaɓoɓi. Ya ce man ya yi masa amfani ƙwarai, kullum sai ya mulke hannuwansa da shi kafin ya zauna kiɗa. Ya ce kuma Hajiya ta gaya masa babu abin da man nan ba ya yi, har ƙofa mai ƙara ana shafa mata. Da ya ji wata feda ta fara ƙara, sai ya lakata ya shafa, ta yi shiru. Sai ya bi sauran wuraren duka. Lokacin zafi ne, man yana narke, komai yana tafiya sumul. Abin da bai sani ba, wanda kowace yarinya a garinmu ta sani, shi ne man kaɗanya barci yake yi in ya ji sanyi. Ɗakin nan kuwa tun watan Oktoba yake kamar firji.

Daga nan sauran ɓarnar ta biyo baya, kuma duk da kyakkyawar niyya aka yi ta. Da sauti ya ragu, sai ya ɗaga maganaɗisun da ke ɗaukar sautin ya matso da shi dab da tsirkiyoyi, shi kuwa maganaɗisu in ya matso da yawa riƙe tsirkiya yake yi ya hana ta kaɗawa. Da feda ta daina kai tsirkiya inda ake so, sai ya yi ta ɗaure 'yan notocin roba da ke ƙarshen sandunan, har ya zama ko ba a taka komai ba sandunan a ɗaure suke suna ja. Da ya ji wani ɗan kaf-kaf, sai ya bi duk sukurun da idonsa ya gani ya matse iya ƙarfinsa, har katakon ya rasa yadda zai amsa.

Da na dawo gida na tarar da mahaifiyarku a kicin tana tuƙa tuwo. Na jira ta sauke tukunya, sannan na gaya mata.

"Ni ce masa na yi ya shafa a gwiwa da yatsu!"

"Ya ce kin ce har ƙofa."

"To jita ƙofa ce? Kai Malam, mutum da furfurarsa?"

"A wurinsu ba a san man yana barci ba."

"Inna lillahi. Wato duk kukan da yarinyar nan ta sha, robata ce?"

"Rabinsa dai. Rabin ba mu sani ba tukuna."

Muka ci abinci muka gama. Daga nan ta shiga ɗaki ta fito da kwalbar man keken ɗinkinta, da tsofaffin burushin haƙori, da wani tsohon zani da ta yayyaga. Ta ajiye a gabana ta ce, "Ɗigo ɗaya ake sawa, ba wanka ake yi wa ƙarfe ba. Kuma ƙananan kayan ka kawo mini nan, idonka ba ya gani." Mukhtar, wannan ita ce matar da kake cewa ta ɓata jita. Kyauta ta yi wa mai ciwo, kyautar ta yi masa magani, kuma da abin ya karkace ita ta fara naɗe hannun riga.

Muka shiga aiki duk Asabar, wani lokaci har da Laraba. Muka kife jitar a cikin akwatinta, muka cire tsirkiyoyin duka, waɗanda mai ya riga ya cika ramukansu suka zama kamar igiya. A gefen hagu kowace tsirkiya tana bi ta kan wata 'yar taya ƙarama kamar ƙwayar wake, wadda ya kamata ta juya in an ja tsirkiyar. Babu wadda ke juyawa. Su na ƙulle a hankici na kawo gida, mahaifiyarku ta wanke su ɗaya-ɗaya a teburin kicin, da tabarau a karan hanci. A gefen dama kuma kowace tsirkiya tana kan wani yatsan ƙarfe ne, wanda feda ke ja. Muka wanke su da sifirit har sai da tsumma ya daina baƙi. A kan wasunsu tsirkiya ta ci rami saboda shekaru, ramin kuwa shi ke shanye sauti, muka goge da sanfefa mafi laushi har farce ya daina tsayawa a wurin. Muka sassauta notocin roba har kowace sanda ta sami ɗan wasa, yadda in ba a taka feda ba yatsan zai koma ya zauna daram a mazauninsa. Sukurorin jikin katako muka kwance su, muka sake ɗaurewa daidai inda suka kama, ba ƙari. Inda muka rasa gane wani abu, Walter yana da wani tsohon abokin kiɗa da muke kira a waya, wanda rabin hirar dariyar man kaɗanya yake yi. Doka ɗaya na kafa: ba a taɓa abu biyu a lokaci guda. A gyara ɗaya, in naɗa, mu saurara, sannan a wuce. Walter ya ce ko a asibiti ba a bi da shi haka ba.

Ana cikin haka na shiga shagon Alhaji Issaka sayen garin masara. Ya bar kanta ya ja ni bayan buhunan shinkafa.

"Massa," in ji shi, yadda mutanen Gana ke cewa maigida, "labari ya zaga fa. An ce kana Virginia kana gyaran molo."

"Jita ce."

"Molo, jita, a kunnen mutanenka duk ɗaya ne. Kuma an ce na coci ne."

"Na surukina ne. Manka ne ma ya kashe ta."

"Ei! Ni na sayar da mai, ban sayar da shawara ba." Ya yi dariya, sannan ya rage murya. "Azumi ya matso. Kai ke zama gefen Malamin masallacinmu kana juya tafsiri da Turanci saboda yara. Wasu suna cewa hannun da ke cikin kayan kiɗa ranar Asabar bai dace ya riƙe makirfo ranar Lahadi ba. Ka ɗan dakata mana har bayan Salla. Ko ku kai wa masu gyara."

Na yi tunanin shawarar, domin mai ƙaunata ne ya ba ni. Bayan Salla haihuwa ta zo, lokaci ya ƙure. Masu gyaran irin wannan jitar kuwa ba su da yawa, suna nesa, kuma Walter ya riga ya gaya mini in ta fita daga gidan nan ba zai karɓe ta ba kuma. Na ce wa Alhaji Issaka na fara, kuma na yi wa mutum alkawari. Da azumi ya zo aka nemi wani ya zauna gefen Malam. Babu wanda ya zage ni, babu wanda ya fasa gaishe ni. Nafisa, ki riƙe wannan. Mutanen nan suna da fahimtarsu a kan kayan kiɗa, kuma ba su suka ƙirƙire ta ba, akwai malamai a bayanta. Sun gaya mini farashin tun kafin in saya, ni na zaɓa. Na ji zafi a makon farko, ba zan ɓoye ba. Daga baya na sami wuri kusa da bango, na zauna ina jin tafsiri a matsayin mai sauraro kawai, abin da na daɗe ban samu ba.

Kafin azumin da kwanaki muka ɗaura sababbin tsirkiyoyi, muka sauke maganaɗisun ƙasa kaɗan-kaɗan har tsinin da ke cikin sautin ya tafi. Walter ya zauna a kan hannuwansa ba tare da na ce ba. Na taɓa tsirkiya. Sautin ya fito a buɗe, mai kauri, ya cika ɗakin, ya yi ta tafiya. Muka zauna muna jiran ya mutu kamar masu rakiyar baƙo da ido. Ya taka feda, sautin ya hau, ya saki, ya dawo daidai inda ya taso. Ya yi wata irin dariya da ban taɓa ji a bakinsa ba. Sannan ya zaro hannunsa ya ɗauki ƙarfen.

Jitar da ta warke ba ta ɓoye komai. Da, dusashewar sautin tana rufe rawar hannun. Yanzu duk wata karkarwa tana fitowa ta lasifika fes, har da ƙarar ƙarfen yana bugun tsirkiya. Ya yi layi biyu ya tsaya. Ya ajiye ƙarfen a hankali.

"To. Yanzu na sani," in ji shi. "Na gode, Alhaji. Ka yi abin da ka ce."

Na tattara kayana na fito. A jirgi na tuna maganar mahaifiyarku ta cikin mota kalma bayan kalma. Da na isa gida ta dubi fuskata, ba ta ce ai na gaya maka ba. Ta zuba mini shayi ta koma ɗinkinta.

Washegari da safe na sa abin saurare a kunne na kunna layi biyun nan da na naɗa, na yi ta maimaitawa. A nan na ji abin da ban ji ba a ɗakin. Rawar hannun ba ɗaya take ba daga farko zuwa ƙarshe. Inda bai taka komai ba, kaɗan ce, har tana kama da girgizar da makaɗa ke yi da gangan. Inda ya taka feda ko ya tura gwiwa, a nan ne take ɓallewa. Ƙarfin da yake sawa a ƙafa shi ke bi ta jikinsa ya fito a hannu. A gidan rediyo in tsohon mai karanta labarai ya fara gajeren numfashi, ba sallamarsa ake yi ba. Gajarta masa jimloli ake yi, a matso masa da makirfo. Mun mayar da jitar yadda take lokacin da Walter yake da ƙarfinsa. Ba mu daidaita ta da Walter na yanzu ba.

Sai da na kira shi sau da yawa kafin ya yarda in zo. Azumi ya riga ya kama, da hantsi nake zuwa, kuma duk nacin da na yi ya ƙi shan kofinsa a gabana. Na sa masa abin saurare a kunne.

"Saurari nan. Me ƙafarka take yi?"

"Ba komai."

"Nan fa?"

Ya saurara, ya ce in mayar baya. Na mayar. Ya cire abin daga kunnensa.

"Kai dai ba ka iya barin mutum ya huta ba."

"Matata ma haka take cewa."

Kowace sandar da feda ke ja tana maƙale ne a jikin wani ɗan hannun ƙarfe mai ramuka a jere. In aka sauya mata rami, feda takan yi nisan tafiya amma ta yi laushi. Muka bi su ɗaya-ɗaya muna sauyawa, yana takawa yana gaya mini, har ya zama nauyin ƙafarsa kawai ya isa. Muka sassauta sifirin ɗin da ke mayar da tsirkiya, daidai yadda za ta koma gida ba tare da gwiwa ta yi kokawa ba. Muka rage tsawon ƙafafun jitar kaɗan domin gefen tafin hannunsa ya sami wurin kwanciya a kan tsirkiyoyi a bayan ƙarfen. Yusuf ya samo masa wani ƙarfen da ya fi nasa kauri da nauyi, nauyin yana danne rawar, yana kuma ƙara wa sautin tsawo. Akwai abin da aka rasa. Feda mai nisan tafiya ba ta sauri, don haka duk waƙoƙin nan masu zafi da ake tashi tsaye a cocinsu sun fita daga hannunsa har abada. Shi ya faɗa da bakinsa, ranar da muka gama, yana goge tsirkiyoyi da tsumman Hajiya. Man kaɗanya kuwa bai daina ba. An dai mayar da shi na bayan kiɗa, ba na kafin kiɗa ba.

An haifi Maryam a watan Mayu, bayan Salla. Aka raɗa suna da safe a gidanmu na Silver Spring, aka ci aka sha. Da la'asar, bayan jama'a sun ragu, Yusuf ya shigo da akwatin, ni da Walter muka harhaɗa ta a tsakiyar falo. Wasu daga cikin baƙi suka tashi cikin mutunci suka fita baranda, ban ga laifinsu ba. Alhaji Issaka ya tsaya a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje, yana cewa iska yake sha. Mahaifiyarku ta karɓi jaririyar daga hannun Nafisa ta zauna a kujerar da ke fuskantar jitar.

"Baban Yusuf, ga ta nan. Bismilla."

Ya kaɗa. Hannun ya yi rawa, duk wanda ke ɗakin ya gani, ni kuma na ji. Amma sautin ya riƙe. Yakan taɓa tsirkiya sau ɗaya, ya jira, ya ɗaga sautin da ƙafa a hankali, ya sauke shi, ba ya gaggawar neman na gaba domin na farkon bai mutu ba. A wuri ɗaya ƙarfen ya zame ya wuce inda ya nufa, ya dawo da shi ba tare da ya tsaya ba. Ya kai taken har ƙarshe. Ya ɗora tafinsa a kan tsirkiyoyin, ya dubi jaririyar, wadda ta yi barcinta tun daga tsakiya.

"Haka ubanta ma ya yi mini," in ji shi.

Bayan shekara biyu Walter ya kaɗa wa ƙanen Maryam taken nan a falon Nafisa. Shi ne jariri na ƙarshe da ya kaɗa wa.